Littafin aiki: rage masu jiran shiga a tashoshin da babu kowa

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta duk abin da na taɓa a kwamfutocin ajinmu na yamma, saboda aikin zai ɗauki makonni kuma ba ni kaɗai ke kula da su ba.

Tara muke da su, ƙananan laftof na gwanjo masu injin Intel Atom N270, irin waɗanda suka cika kasuwa wajajen 2008 da 2009. Kowacce RAM ɗinta gigabayit 1 ne, kuma injin 32-bit kawai yake ɗauka. Da Debian 13 ta fito a watan Agusta ba tare da kanel (zuciyar Linux da ke sarrafa injin) ko manhajar girkawa ta irin waɗannan injina ba, sai muka tsaya a kan Devuan Daedalus, wadda aka gina a kan Debian 12 amma take tafiya da tsohon init na SysV a maimakon sabon, systemd (init shi ne shirin farko da ke tayar da sauran in an kunna kwamfuta). Suna aiki. Matsalar ita ce da zarar ɗalibi ya buɗe Firefox da LibreOffice a lokaci guda, sai kwamfutar ta fara jan ƙafa, fitilar faifai ta kama ta ƙi mutuwa, yaro ya zauna yana kallon allo har minti biyu. Awa ɗaya da rabi kacal muke da ita kafin magariba, kuma wasu daga cikinsu sai sun hau mota biyu kafin su iso. Wannan jiran yana ci mini rai.

Yau na zauna da jerin ayyukan da ke gudana ina bin su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga getty har shida, daga tty1 zuwa tty6, kowanne an rubuta masa kusan megabayit 2. Bayan allon hotuna da ɗalibai suka sani, Linux tana da wasu tashoshin rubutu zalla, baƙin allo da farin rubutu, ana zuwa can da Ctrl da Alt da F1 har zuwa F6. A kowace tasha akwai ɗan ƙaramin shiri da ke zaune yana jiran wani ya zo ya rubuta sunansa, sannan ya miƙa shi ga login ya tambaye shi kalmar sirri. Shi ne getty. Maigadi ne a bakin ƙofa. Sunan ma ya samo asali ne tun zamanin da ake haɗa na'urar buga rubutu da babbar kwamfuta ta waya, shi ya sa har yau layinsa a /etc/inittab, fayil ɗin da init ke bi, yake ɗauke da lambar gudun layi wadda ba ta da wani amfani a nan:

2:23:respawn:/sbin/getty 38400 tty2

Kalmar respawn tana nufin in ya mutu init ya sake tayar da shi nan take. A ajinmu babu wanda ke zuwa waɗannan tashoshi sai ni, ni ma ɗaya nake amfani da ita, sai can ba a rasa ba biyu. Lissafin da na yi a takarda: in cire biyar in samu megabayit 10. Abin da nake so shi ne kada a tayar da maigadi sai lokacin da mutum ya iso ƙofar.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na fara da kwamfuta ta uku, ita ce ta gwaji. Na sa alamar # a gaban layuka biyar, na bar tty1 kawai, na ba da umarnin telinit q don init ya sake karanta fayil ɗin. Nan take biyar ɗin suka ɓace. Na kuma shiga /etc/default/console-setup na rage ACTIVE_CONSOLES daga /dev/tty[1-6] zuwa /dev/tty1, tunda a ganina babu dalilin shirya tashar da babu mai zuwa.

Sai na duba MemAvailable, lambar RAM ɗin da ta rage, a /proc/meminfo ina sa ran ganin megabayit 10 sun dawo. Ba su dawo ba. Lambar ta ɗan motsa, amma irin motsin da take yi ko da ba a taɓa komai ba. Na sake kunna kwamfutar sau uku ina gwadawa, amsa ɗaya. Na tashi ban gane ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gane, kuma ya kamata duk mai irin wannan aiki ya san wannan tun farko.

Lambar da ps, umarnin da ke jera ayyukan da ke gudana, ke nunawa a ƙarƙashin RSS tana ƙirga duk shafin RAM da shiri yake taɓawa, har da waɗanda yake tarayya da wasu. Kamar ka shiga gidan haya mai ɗaki shida ne ka tambayi kowane ɗan haya faɗin wurinsa, kowa ya haɗa maka da tsakar gida da zaure da rijiya. In ka tara amsoshin za ka samu gidan da ya ninka na gaskiya sau uku ko huɗu. Mafi yawan megabayit 2 ɗin nan na getty libc ne, tarin ƙananan ayyukan yau da kullum wanda kusan kowane shiri a kwamfutar yake amfani da kwafi ɗaya nasa. Shi kansa jikin agetty, wanda /sbin/getty ke nuni gare shi, sau ɗaya aka ɗora shi, su shidan suna rabawa. Ka kori ɗan haya, tsakar gida tana nan.

Ma'aunin gaskiya yana cikin /proc/lambar-aiki/smaps_rollup. A can akwai Pss, wanda ke raba shafin tarayya tsakanin masu shi ya ba kowa kasonsa, akwai kuma Private_Dirty, abin da shirin ya mallaka shi kaɗai. Na mayar da layukan na auna: kason kowane getty 'yan ɗaruruwan kilobayit ne, nasa na kansa kuma bai ma kai haka ba. Sai ɗan abin da kanel ke riƙe wa kowane aiki, kamar kilobayit 8 na tarin kiransa a injin 32-bit da teburan shafuka. Ita kanta tashar ba ta da tsada. Allonmu 1024 ne sau 600, da harafi mai faɗin 8 da tsayin 16 yana ba da gurbi 128 a layi 37, kowane gurbi bayit 2, jimilla bai kai kilobayit 10 ba.

Duk in aka haɗa, cire biyar yana dawo da abin da ke tsakanin megabayit 1 da 2. Daga cikin 1024. Batun lokacin tashi kuwa babu wani bambanci da agogo zai kama, kuma getty da ke jira ba ya cin injin ko batir, barci yake yi har sai an taɓa madanni.

Na yi tunanin in ajiye aikin a nan. Abin da ya hana ni biyu ne. Na farko, da yayyafi kogi kan cika: a kwamfutar da ke fara rubuta RAM a faifai mai juyawa da zarar ta cika, ina neman megabayit ɗaya a nan, uku a can, kuma akwai wasu shirye-shiryen da ke jiran irin wannan bincike bayan na gama da wannan. Na biyu, ina son in fahimci yadda abin yake aiki har ƙasa, domin manyan ɗaliban sun fara tambayata me ke faruwa daga danna makunni zuwa bayyanar allo, kuma ba na son in ba su amsar da ni kaina ban gwada ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar gwada hanyoyin da ake da su.

Shi agetty yana da zaɓin jinkiri har biyu. Da --wait-cr ba zai nuna komai ba sai an danna Enter, da --login-pause kuma sai an taɓa kowane madanni. Amma waɗannan rubutun kawai suke jinkirtawa. Shirin ya riga ya tashi yana zaune a RAM, don haka ba a rage komai ba.

Na gwada dabarar da ta fi zuwa kai da sauri, wato a sa sh, shirin da ke karɓar umarni, ya jira a danna Enter a tashar, sannan ya rikiɗe ya zama getty da umarnin exec. Ya yi aiki. Sai dai da na auna, an gudu ne ba a tsira ba: an cire mai jira an sa wani mai jira. Dash, wato sh ɗin kwamfutocinmu, ƙarami ne, amma tazarar da ke tsakaninsa da agetty ba ta taka kara ta karya ba. A nan ne kuma na yi kuskuren rubuta sunan tasha a layi ɗaya, shirin ya riƙa mutuwa init yana tayar da shi, har init ya gaji ya rubuto cewa layin yana farfaɗowa da sauri fiye da kima, ya dakatar da shi na minti 5. Haka aka gina shi: in abu ya tashi fiye da sau 10 cikin minti 2 sai ya ba shi hutu. Na ji daɗin ganin wannan kariyar da idona.

Init ɗin BusyBox, wanda Linux ɗin Alpine ke amfani da shi, yana da kalma ta musamman don wannan aiki, askfirst. Yana rubuta "Please press Enter to activate this console." ya jira. Abin da ya sa nasa ya fi nawa shi ne mai jiran reshe ne na shi init ɗin, bai ɗora wani sabon shiri ba, don haka kusan duk shafukansa na tarayya ne da uwarsa. Duk wanda ya taɓa haɗa waya da na'urar rarraba intanet mai OpenWrt ya ga irin wannan saƙo. Kyakkyawar dabara ce, amma ba zan canza init na kwamfuta tara saboda ita ba.

Akwai kuma ƙananan 'yan'uwan getty da aka rubuta don wannan damuwa tun da daɗewa, mingetty da fgetty, da ngetty wanda shi kaɗai yake tsare duk tashoshin. Ganinsu ya tabbatar mini cewa a zamanin da RAM ɗin kwamfuta gaba ɗaya megabayit 8 ne ko 16, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na sami wata hanya a cikin inittab ɗin kansa, a wani layi da aka rufe da # mai kalmar kbrequest. In an danna Alt da kibiyar sama a tashar rubutu, kanel yana aika wa init sigina, shi kuma ya gudanar da abin da ke layin. Na rubuta:

kb::kbrequest:/usr/bin/openvt -s -- /bin/login

Openvt yana neman tashar farko da babu kowa, ya buɗe ta, ya kai ka can. In ba ka rubuta komai ba cikin daƙiƙa 60, login ya fita da kansa. Babu mai jira ko ɗaya. A wajen tsimi babu abin da ya kai wannan.

Na nuna wa yaron da ke taimaka mini da yamma. Ya gwada, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, to in ba ka nan kuma na manta da kibiyar fa? Ni dai F2 hannuna ya sani." Gaskiyarsa. Duk wanda ya koyi Linux a ko'ina F2 da F3 zai danna, kuma in ya tarar da baƙin allo babu rubutu zai ɗauka kwamfutar ta lalace. Na bar layin kibiyar a matsayin ƙari, amma ba shi ne mafita ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na ɗauki mako ina karanta yadda systemd ke yi, domin su sun warware wannan tun tuni. A can getty ɗaya ne kawai ke tashi da kwamfuta, na tty1. Sauran sai ka je. Shirin logind yana sa ido a kan wani ɗan fayil, /sys/class/tty/tty0/active, wanda ke ɗauke da sunan tashar da ke gaba a yanzu. Da ya ga an koma tashar da babu kowa, sai ya tayar da autovt@ na wannan tasha, wanda wani suna ne kawai na getty@. A logind.conf, NAutoVTs ne ke faɗin tashoshi nawa za a yi wa haka, asalinsa 6. ReserveVT kuma, shi ma 6, yana kama tasha ta shida ya hana allon hotuna ko wani shiri ya mamaye ta, don kullum a sami inda za a shiga ta rubutu.

Sai na je in duba kwamfutarmu ta goma, tsohuwar ta tebur da ke ƙarƙashin kantar ajin, wadda ke raba wa ajin Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta Kiwix ba tare da data ba. Ita Debian 12 ce da systemd, don haka na ɗauka getty ɗaya zan gani. Shida na gani. Dalili kuwa, lokacin da na girka ta na rage ta sosai har ban sa dbus, mai isar da saƙo tsakanin shirye-shirye, ba, kuma logind ba ya aiki sai da shi. Debian sun hango haka, suka ajiye wata hidima mai suna getty-static.service wadda ke tayar da tty2 zuwa tty6 a duk inda babu dbus, don kada mutum ya rasa tasha. Girka dbus da logind don a kori getty biyar asara ce, abin da za su ci ya fi abin da za su ceto. Na ba da systemctl mask getty-static.service, na bar mata tty1. Ba ta da allo ma a haɗe, ta SSH nake shigarta daga wata kwamfutar.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na rubuta nawa mai sa idon. Na fara da harshen Python don in ga ko tunanin zai yi, ya yi, amma shi Python ɗin kansa ya fi getty biyar nauyi nesa ba kusa ba. Na sake rubuta shi da C, layi sittin da 'yan kai, na sa masa suna maigadi.

Aikinsa: ya buɗe fayil ɗin active, ya karanta, ya kwanta a kan poll yana jiran POLLPRI. In kanel ya tashe shi, ya koma farkon fayil da lseek ya sake karantawa. In lambar tana tsakanin 2 da 6 kuma ba shi da wani ɗa a can, ya yi fork, wato ya haifi ɗa, da setsid, ya gudanar da agetty a tashar. Shi kansa na sa shi a inittab da respawn, don in ya faɗi a tashe shi. Tty1 ban ba shi ba, tana hannun init kamar yadda take.

Daga allon hotuna na danna Ctrl da Alt da F3. Allo ya yi baƙi, kafin in ƙifta ido sai ga sunan kwamfutar da kalmar login. Na daɗe ina kallonta.

Talata, 21 ga Oktoba

Matsala biyu, dukkansu masu koyarwa.

Ta farko: daga allon hotuna komai lafiya, amma in ina tty1 na danna Alt da F4, ko motsi allon ba ya yi. Maigadi bai ga komai ba domin ba a je ko'ina ba. Na shafe yamma guda a kan wannan. Ashe kanel yana iya ɗaukar tashoshi har 63, amma ba ya ƙirƙirar ko ɗaya sai wani ya buɗe ta, kuma in ka danna madannin tashar da ba a ƙirƙira ba, kanel ɗin ya yi biris da kai. Shi X, mai zana allon hotuna, da kansa yake kama madannan ya roƙi kanel da wani kira da ke ƙirƙirar tashar in babu ita, haka ma umarnin chvt. Shi ya sa daga can yake yi. A da, console-setup ne ke buɗe tty1 zuwa tty6 yayin tashi don ya daidaita musu madannai, kuma wannan buɗewar ita ke samar da su. Ni na rufe wannan hanya ranar 6 ga wata da na rage ACTIVE_CONSOLES. Na mayar da shi yadda yake, matsala ta kau. Daga baya na ga logind ma haka yake yi, yana buɗe tashoshin ya rufe tun farko don su wanzu. Kuɗin hakan shi ne 'yan kilobayit ɗin nan da na lissafa, ban damu ba.

Ta biyu: in ka shiga tty3 ka gama ka fita, sai allon ya tsaya babu komai. Ba ka canza tasha ba, don haka babu abin da ya tashi maigadi. Gyaran shi ne duk lokacin da ɗa ya mutu, maigadi ya sake duba wace tasha ce a gaba. In ita ce ta mamacin ya tayar da sabo, in ba ita ba ce ya ƙyale. Na ƙara wa agetty zaɓin -t 60, wato in minti ɗaya ya wuce ba a rubuta suna ba ya fita. Da haka in ka leƙa tasha ka bar ta, mai jiran zai tafi da kansa. A systemd wanda aka tayar yana nan daram har a kashe kwamfuta, saboda an sa masa Restart=always. A wannan ɗan wuri namu ya fi tsimi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau abin ya zo da gwajin da ban shirya ba.

Wata ɗaliba tana rubuta takardar neman tallafin karatu a kwamfuta ta uku. Ta yi kusan minti arba'in a kai, tana leƙa shafin makarantar a Firefox tana dawowa LibreOffice. Sai komai ya tsaya. Kibiyar linzami ta daskare a tsakiyar allo, fitilar faifai ta kama ja ba ƙiftawa, kana jin ƙarar faifan yana ta karta kamar ɓera a cikin kwali. Ta juyo ta ce, "Malam, ban ajiye ba." Hannunta yana kan makunni, na ce kada ta danna.

Na danna Ctrl da Alt da F3. Shiru. X ne ya kamata ya karɓi madannan, shi kuwa ya nutse tare da kowa. Na riƙe Fn da Alt da SysRq, madannin da ke kai umarni kai tsaye ga kanel, na danna R, wanda ke ƙwace madannai daga hannun X ya mayar wa kanel, sannan Alt da F3. Allo ya koma baƙi, amma babu login. Maigadi yana buƙatar a ɗebo shi daga faifai, ya yi fork, a ɗora sabon shiri, duk a kwamfutar da ba ta da sararin numfashi. Na ƙirga har talatin ban ga komai ba. Na koma Alt da F1. Rubutun login yana nan a allon tun safe. Na rubuta suna, haruffan suna fitowa ɗaya-ɗaya, na jira aka tambaye ni kalmar sirri, na sake jira. Ya ɗauki mintuna, amma na shiga, na kashe Firefox. Fitilar ta mutu. Muka koma tasha ta bakwai, ta allon hotuna, takardarta tana nan har wurin da ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta danna ajiyewa sau uku a jere.

Ba zan ce getty na tty1 ya yi sauri ba, shi ma an tura wasu shafukansa faifai, kuma login ɗin da ya kira sai da aka ɗebo shi. Amma matakan da suka rage masa ba su kai na maigadi yawa ba, kuma rubutun da ke kan allo ya nuna mini cewa akwai wanda ke sauraro. Na yanke hukunci: tty1 ba za ta taɓa shiga tsarin jinkiri ba a kowace kwamfuta tamu, ko nawa za ta ci. Wanda ya rufe duk tashoshin don ya ceci rabin megabayit, ranar da kwamfuta ta sandare ba shi da abin yi sai makunni, aikin ɗalibi kuma ya tafi.

Na kuma gano cewa SysRq da F, wanda ke sa kanel ya kashe shirin da ya fi cin RAM nan take, a rufe yake. Kanel ɗin Debian yana zuwa da kernel.sysrq a kan 438, kuma a cikin wannan lamba babu 64 ɗin da ke ba da izinin kashe ayyuka. Na mayar da ita 502 a wani fayil cikin /etc/sysctl.d. Da a buɗe yake yau, da daƙiƙa kaɗan sun isa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Abin da ya faru makon jiya ya tura ni ga ainihin ciwon. Na kunna zram a kwamfuta ta uku: da zramctl na yanki megabayit 512 da matsi na lz4, na mai da shi swap, wurin ajiye shafuka in RAM ta cika, mai fifiko sama da na faifai, na sa umarnin a rc.local. Yanzu in RAM ta cika, ana matse shafukan ne a ajiye su a cikin RAM ɗin, ba a kai su faifai ba. Na buɗe shafuka iri ɗaya da na ɗalibar tare da takarda. Ta yi nauyi, amma linzami bai tsaya ba. Wannan canjin ɗaya ya fi duk aikin getty tasiri a idon ɗalibi, kuma ina rubuta hakan a fili don wanda zai gaje ni ya san da wanne zai fara.

Maigadi ya kwana bakwai yana aiki bai faɗi ba. Kason da yake ci bai kai na getty ɗaya ba. Biyar sun tafi, ɗaya ƙarami ya maye gurbinsu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mun girka a sauran takwas ɗin, ni da yaron. Na bar shi ya yi uku da hannunsa: kwafe maigadi zuwa /usr/local/sbin, rufe layuka biyar a inittab, ƙara layin maigadi, telinit q, sannan gwaji daga allon hotuna da kuma daga tty1, shiga da fita, da barin tasha minti ɗaya a ga ko mai jiran ya tafi. A ta bakwai F5 ta ƙi, muka yi ta bincike, ashe madannin ne ya mutu, ƙura ta cika ƙarƙashinsa. Iskar hunturu ta fara, dole mu nemo musu mayafi.

Na manna 'yar takarda a cikin murfin kowacce: in ta daskare kada a kashe, a riƙe Fn da Alt da SysRq a danna F, a jira.

Da muna tattara wayoyi ya tambaye ni me zai faru in mutum biyu suka shiga tashoshi daban-daban sannan maigadi ya mutu init ya tayar da sabo, wanda bai san 'ya'yan na farko ba. Ban gwada wannan ba. In hasashena daidai ne, sabon zai ɗora getty a kan tashar da wani ke ciki yana aiki. Kafin ya tayar da kowa dole ya fara tambayar kanel ko tashar tana hannun wani, kuma akwai kiran VT_GETSTATE da ke ba da wannan amsa ga tashoshin farko. Ranar Talata zan kashe shi da gangan a kwamfuta ta uku, ina cikin tty2 da fayil a buɗe, in ga abin da zai yi.